Ƙullin Gamba a Hanyar Dutsen Alantika

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan hoton nan da ke rataye a falo, wanda nake tsaye a kan dutse da kaftani da takalmin 'yan ƙwallo, na riƙe sanda kamar makiyayin da shanunsa suka gudu. Ke Rakiya kin fi kowa, kullum sai kin ce fuskata irin ta wanda aka kawo wa sammaci ce. Ban taɓa musa miki ba, don ba ƙarya kika yi ba. An ɗauki hoton nan ne jim kaɗan bayan na aikata abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, saboda haka gara ku ji daga wurina tun ina iya riƙe alƙalami.

Kun san asalinmu ta wajen uba, don na ishe ku da shi. Kakana ya zo Garwa daga Kano da jakunansa, ya kafa rumfar yadi, ubana ya gaje shi, ni ma na gaji ubana. Ta wajen uwata kuwa ba ku san komai ba, kuma ni na so haka. Inna Kande, Allah ya ji ƙanta, ta tashi ne a hannun wata Hajiya mai fataucin gishiri da kanwa. In an tambaya sai a ce 'yar wajen Yola ce, a wuce wurin. Amma ni ɗanta ne, na ga abin da ɗankwalinta ke rufewa: ƙananan huji a jere tun daga saman kunne har ƙasa, irin waɗanda babu wata Bahaushiya ko Bafulatana da ke da su. Kuma tana da wata ɗabi'a. Duk ranar da muka tafi wanki bakin kogin Binuwai ina ƙarami, da mun bar gari sai ta tsaya a gefen hanya, ta kama karan gamba uku suna tsaye da saiwarsu, ta murɗa da hannun hagu, ta naɗe sau biyu, ta soke bakin ta ƙasa ya fito tsaye kamar kunnen zomo. Na tambaye ta sau ɗaya.

“Don hanya ta san za mu dawo,” in ji ta. “Wuce mu tafi, ka cika tambaya.”

Ban sake tambaya ba, amma hannuna ya koya. Da ta yi jinyar ajali, ta yi kwanaki ba ta magana, yatsunta ne kawai ke motsi a gefen shimfiɗa. Bayan an kai ta, uwarku Balki ta ɗaga tabarmar za ta kakkaɓe, sai ta kira ni. Duk bakin tabarmar Inna ta zare kabar ta ƙulle, ƙulli bayan ƙulli, tun daga kai har ƙafa, kowanne da kunnen zomonsa. Na naɗe tabarmar na cusa a bayan sito, na ce wa Balki zafin ciwo ne.

Shekara uku bayan haka Bello ya fito neman aurenki, Rakiya, ke ma kowa ya ga inda zuciyarki take. Mahaifinsa Alhaji Hamadu Bafulatani ne ɗan babban gida, ya yi karatu a Faransa, ya yi aikin gwamnati a Yawunde har ya yi ritaya. Danginsa suna cikin binciken asalinmu a lokacin, kuma kun san yadda ake binciken nan a Garwa, har kakar kakarka sai an tono. Ana cikin haka Alhaji Hamadu ya aiko ya ce yana so in raka shi yawon buɗe ido gandun dajin Faro, daga nan mu hau duwatsun Alantika da ƙafa. Wai a Turai ya koyi hawan dutse, yana wanke huhu. Na ce wa Balki ni ban taɓa jin Bahaushen da ya hau dutse ba alhali babu kasuwa a samansa.

“Ko kan hasumiya ya ce ku hau, ka hau,” in ji ta. “Yarinyar nan ta daina cin abinci. Ka tafi ka yi masa fara'a, kada ka kawo mana gardamarka ta kasuwa.”

Muka tashi bayan kaka, ruwa ya ja, a motarsa irin mai shiga daji da muke kira katkat. Muka bi kwalta ta kudu, muka ratse zuwa Poli, daga can hanya ta zama abin da Allah ya yi. Gaskiya ƙasar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Giginya a jere, duwatsu shuɗi daga nesa, zabin daji suna tsere a gaban mota, gwaggon biri zaune a tsakiyar hanya yana kallonmu kamar mu ne muka shigo masa gida ba sallama. A bakin kogin Faro muka tsaya muka kalli dorina suna huci a cikin gurbi. Alhaji Hamadu sai ɗaukar hoto yake yana cewa “Bon, bon,” ni kuwa ina lissafin ƙashin bayana. Amma tun da duwatsun suka fara matsowa na ji kamar na san ƙasar. Ban taɓa zuwa wurin ba, duk da haka na san bayan wancan ƙaton dutse mai tsage akwai kuka, muka zagaya kuwa sai ga kukar. Na ce wa kaina ai kowane dutse da kukarsa.

Muka kwana a wani ƙauye a gindin dutse. Da sassafe aka haɗa mu da ɗan jagora, Filibus, magidanci ne mai furfura jefi-jefi, Kirista, manomin gyaɗa daga mutanen dutsen. Ya iya Hausar kasuwa, yana haɗawa da Fulatanci da Faransanci. Shi a gaba da silifa, Alhaji Hamadu a tsakiya da hular malafa, ni a baya ina haki ina tsine wa Turai a zuci. Da rana ta ɗaga muka kai wani wuri da hanya ta rabu biyu, na zube a kan dutse na ce ko za a yanka ni sai na huta. Ina zaune ina sauraron Alhaji Hamadu yana ba da labarin dusar ƙanƙara, hannuna na hagu yana wasa da ciyawa ban ma sani ba. Sai na ga Filibus ya daina shan ruwa, gorar tana bakinsa, idonsa a kan hannuna.

“Alhaji,” ya ce, “wa ya koya maka wannan?”

Na duba. Gamba uku, naɗi biyu, kunnen zomo.

“Wasa ne kawai,” na ce.

“A nan ba wasa ba ne. Wanda zai sauka daga dutse yana ƙulla ciyawa, alkawari ne cewa zai dawo. Kowane gida da irin nasa ƙulli. Wannan na gida ɗaya ne, kuma mutum ɗaya ya rage a gidan.”

Alhaji Hamadu ya matso da gilashinsa, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, lallai mu je mu ga gidan. Na ce ai hanyar dama aka ce ta fi kyan kallo. Ya ce kallo ba ya gudu. Haka muka bi ta hagu, ni ina jan ƙafa.

Hanyar nan ba zan manta da ita ba. Siririya ce, ta bi ta tsakanin manyan duwatsu, kuma da muka shige ta sai komai ya yi tsit. Babu kukan tsuntsu, babu iska, ko Alhaji Hamadu bakinsa ya mutu. Muka wuce gonakin tudu da aka daɗe da bari, da kangayen ɗakuna da rumbuna da suka rufta. A kwanar farko na ga ƙulli a gefen hanya, ɗanye, ciyawar ba ta ko yi yaushi ba. A kwana ta biyu wani. A bakin ƙorama wani. Duk inda baƙo zai iya ɓata, akwai shi, kunnen yana nuna sama. Hannun Inna ne sak, har yadda take barin kara ɗaya ya fi sauran tsawo. Na riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na rantse muku, sau biyu ina waiwayawa, don ji nake kamar wata na biye da ni da kwandon wanki a kai.

Filibus ya yi mana bayani da murya ƙasa-ƙasa. A wata shekarar yunwa, tun kafin a haife shi, aka saukar da wata yarinya kasuwar gindin dutse aka ba wata mai gishiri riƙo, a kan za ta dawo in an yi girbi. Ta ƙulla ciyawa a bakin hanya ta tafi. Wanta yana nan har yau. Duk mutanen unguwar sun sauka ƙasa inda akwai rijiya da asibiti da coci, 'ya'yansa ma sun sauka, sun yi roƙon duniya ya ƙi. Ya ce ba za ta dawo ta tarar da gida babu kowa ba. Shi ne ke bin hanya yana sabunta ƙullin, don kada ta manta kwana.

Muka same shi zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar fartanya. Tsoho ne ƙanƙani, fata ta manne da ƙashi. Da ya ɗago kai sai na ga goshin Inna, da yadda take ɗan karkata wuya in tana duban mutum. Ya amsa gaisuwar Filibus, ya kalli Alhaji Hamadu sau ɗaya, sannan ya kafa mini ido bai ƙara ɗaukewa ba. Filibus ya yi masa magana da yarensu. Tsohon ya miƙe, ya yafito mu, muka zagaya bayan gida. Akwai wani dutse da ya yi rumfa, a ƙarƙashinsa tukwane a jere, duk a kife. Ɗaya ce kawai bakinta ke sama, cike da ruwa fal.

“Kowane mutum na gida yana da tukunya,” in ji Filibus. “In ya mutu a kife tasa. In ya yi tafiya a bar ta a buɗe, ana zuba ruwa kullum safe, don kada ƙishi ya kama shi a hanya. Ba a kifewa sai wani jininsa ya zo ya ce ya ga kabarinsa. Wannan ta Yebe ce.”

Ranar na fara jin sunan uwata na gaskiya, ina da shekara hamsin da ɗoriya, a gaban mutumin da nake so ya karɓi 'yata.

Tsohon ya tsinko gamba uku ya miƙo mini. Ba ya bukatar tafinta, ni ma ban bukata ba. Na karɓa. Alhaji Hamadu yana tsaye a gefena, ina jin numfashinsa. Na tuna ki, Rakiya, da kwanon abincinki da ake mayarwa kicin ba a taɓa ba. Na tuna matan gidansu, da kalmar da za su kira ki da ita a bayan ido har ki tsufa, ku ma kun san kalmar, ba zan rubuta ta ba. Sai na mayar da ciyawar hannun dama, na yi mata ƙullin da muke ɗaure dilar atamfa da shi, na miƙa masa.

Ya juya ƙullin a tafinsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kwance shi a hankali, ya sake ƙullawa da hagu yadda ya kamata, ya matso ya sa mini a aljihun gaba, ya dafa wurin. Ya yi magana gajeriya.

“Ya ce abu ɗaya yake tambaya,” in ji Filibus. “Tana da rai?”

Kalma biyu ce amsar. Da na ce ta rasu, da ya kife tukunya ya sauka wurin 'ya'yansa ya ƙarasa kwanakinsa a cikin jikoki. Na san haka sarai a lokacin, kada wani ya yi mini uzuri da cewa ban gane ba.

“Ka gaya masa ban san wadda yake nufi ba,” na ce. “Uwata 'yar Yola ce. A wurin wani mai aikinmu na ga ƙullin.”

Filibus ya dube ni kafin ya fassara. Tsohon ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin gero. Ya ce to, in na gamu da ita a birni in ce mata hanya tana nan. Ya ɗebo mana ruwa a ƙwarya, Alhaji Hamadu ya sha ya yi godiya da Fulatanci, “Useko, baaba,” ni na ce ba na jin ƙishi, alhali maƙogwarona kamar an zuba toka. Daga nan muka ƙarasa ƙololuwa, inda ake hango Faro kwance kamar zare da ƙasar Najeriya ta ɗaya gefen. A can aka ɗauki hoton da kuke wa dariya. In kun duba aljihuna da kyau za ku ga bakin ciyawa ya leƙo.

An yi biki, kin tare, Allah ya ba ku zuriya. Ni kuma na koma rumfata na ci gaba da auna yadi. Sai dai tun daga shekarar ban ƙara shan ruwan safe da daɗi ba. Da na ɗaga kofi sai in tuna akwai wani can sama yana tsiyaya ruwa a tukunyar matar da ni na sa ta a kabari da hannuna. Sau da yawa na yi niyyar komawa, kullum sai in sami dalili: damina ce, hanya ta lalace, ana maganar masu satar mutane a daji, Rakiya na da ciki kada magana ta tashi. Mai son dalili ba ya rasawa, ni kuwa gwani ne. Haka na ci shekara shida.

A shekara ta shidan Alhaji Hamadu ya kwanta ciwo, na je duba shi. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan.

“Alhaji Isiyaku, ka koma wurin kawunka kuwa?”

Na ce wane kawu.

“Haba. Goshinku ɗaya. Tun kafin mu tafi na sani, matan gidanmu sun gama bincikensu, na ce musu Bello yarinya zai aura ba kakarta ba. Ka ɗauka don huhu na ja ka dutsen nan? Na ce bari in kai mutumin nan ya ga danginsa, tunda shi ya kasa. Da ka yi abin da ka yi, na ce wataƙila ni ne na tsaya maka a wuya, za ka koma kai kaɗai. Ban tambaye ka ba don kada in kunyata ka. Ni ma na yi laifi da na yi shiru.”

Na fito na zauna a mota na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Inna. Ashe babu abin da na saya da ƙaryar nan. Aurenki ba ya cikin haɗari ko na minti ɗaya, Rakiya. Tsorona ne kawai, da girman kaina.

A makon na tafi, tsakiyar bazara, ni da direba. Na nemo Filibus. Da ya gan ni bai yi mamaki ba, bai kuma yi fara'a ba.

“Ka makara, Alhaji. Ya mutu da damina. Kwana biyu kafin a sani, sai da aka ga hayaƙi bai tashi ba.”

Duk da haka na ce ya kai ni. Muka hau tare da babban ɗan marigayin, wani dattijo mai shiru. Ƙullin hanya duk sun bushe, wasu sun karye. Gidan ya fara zama kango. A ƙarƙashin rumfar dutse na ga sabuwar tukunya a kife, ta kawuna ke nan, wanda ban taɓa kira kawu ba. Ta Inna tana nan bakinta a sama. Na tsaya na yi tunanin ko addinina ya yarda in taɓa ta, sai na ga ba bauta aka ce in yi ba, sanarwar rasuwa ce da na riƙe shekara tara ban isar ba. Na durƙusa na ce da ƙarfi, da Hausa, Filibus yana mayarwa:

“Ni ne Isiyaku ɗan Yebe. Ta rasu a Garwa, ni na binne ta.”

Na kama tukunyar zan kife, sai na ji ta da nauyi. Ruwa ya kwararo mini a ƙafa, mai sanyi ƙarara. Tukunyar ƙasa ba ta riƙe ruwa mako guda a bazara, kowa ya sani. Na tambayi wa ke zubawa tun bayan rasuwar tsohon. Ɗansa ya ce shi rabonsa da hawowa tun ranar jana'iza, kuma babu mai zama a saman nan yanzu. Filibus ya kawar da kai. Ban san amsar ba har yau, kuma na daina nema.

Da na miƙe sai na lura da wata ƙarama a ƙarshen layi, ba ta yi baƙi ba tukuna, ita ma bakinta a sama, ita ma da ruwa.

“Wannan fa?”

“Taka ce,” in ji Filibus. “Ranar da kuka sauka ya sa aka gina ta. Ya ce ka ƙulla ciyawarsu a mararraba, ya je ya gani da idonsa, saboda haka kai ɗan gida ne da ya yi tafiya. Tukunya biyu ya riƙa ba ruwa har ya mutu.”

Tana can har yanzu, ba mai ikon kife ta sai ku. A cikin akwatina na ƙarfe akwai tabarmar Inna, da ciyawar da kawu ya sa mini a aljihu, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ku duba ku koyi ƙullin, da hannun hagu ake yi. In Allah ya karɓi raina, bayan addu'ar uku, ɗayanku ya ɗauki mota ya bi ta Poli, ya nemi gidan Filibus a gindin dutse. A mararraba hagu za ku bi. Kada ku bar ta a buɗe ko da wata ɗaya, don ban san wa ke ɗaukar ruwa zuwa saman nan ba, kuma ko wane ne, gidanmu ya wahalar da shi ya isa. In mutanen dutse suka tambaye ku ku su wane ne, kada ku fara da Kano. Ku ce jikokin Yebe ne.